Kafin a ɗauki gatari, a zana taswira: kuɗin binciken mugayen tsirrai

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san mugun haki a gonarsa, kowa kuma ya san yadda zai yi da shi. Amma akwai tsirran da ɓarnarsu ta wuce gonar mutum ɗaya. Suna cinye makiyaya, su toshe burtali, su rufe bakin tabki, har dabba ta rasa hanyar zuwa ruwa. Masana suna kiran su tsirrai masu mamaya. Da yawansu baƙi ne, daga wata ƙasa aka kawo su. Da suka zo ba su tarar da ƙwari da cututtukan da ke rage su a ƙasarsu ba, sai suka yaɗu babu mai tsai da su.

A shekara ta 2023, wani taron masana na duniya ya fitar da lissafi. Ya ce baƙin tsirrai da dabbobi masu ɓarna sun haura iri 3,500, kuma asarar da suke jawowa ta wuce dalar Amurka biliyan 423 a shekara. Saboda haka ne gwamnatoci da ƙungiyoyi suke ba da kuɗi a yi bincike a kansu. Wani kaso na kuɗin yana tafiya wajen zana taswira da taimakon tauraron ɗan Adam. Yau za mu duba yadda ake wannan aiki, da wanda ke biya, da amfanin da yake da shi ga talaka.

Baƙon da ya fi ƙarfin mai gida

Bari mu ɗauki misalin icce guda. Masana suna ce masa furosofis. Ɗan uwan ƙirya ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake. Yana da ƙaya doguwa mai ƙarfi. Ganyensa ƙanana ne, kuma yana kore har cikin bazara. Ƴaƴansa dogaye ne masu ruwan ɗorawa, suna da zaƙi, awaki da raƙuma suna son su. Da yawanmu mun san shi a shingen garka da bakin hanya.

Bayan farin shekarun 1970, an shuka wannan icce a ƙasashen Afirka da dama. Niyyar mai kyau ce: a tsai da rairayi, a samu itacen girki, a samu inuwa. Iccen kuwa ya yi abin da aka nema. Yana jure fari, domin saiwarsa tana nitsewa ƙasa ƙwarai har ta tarar da ruwa.

Matsalar ta fito daga baya. Idan dabba ta ci ƴaƴan, ƙwayar irin ba ta narkewa a cikinta. Tana fita cikin kashi, ta faɗi da takinta, ta tsiro. Ruwan ambaliya shi ma yana kwasar irin ya kai nesa. In an sare iccen, kututturen ya sake tohowa da rassa masu yawa. A hankali sai ya haɗe ya zama kurmi, ciyawa ta daina fita ƙarƙashinsa.

A yankin Baringo na ƙasar Kenya, an shuka shi a farkon shekarun 1980. A shekara ta 2006 makiyayan wurin suka kai ƙarar gwamnati. Sun zo kotu a birnin Nairobi da akuya wadda haƙoranta suka zube, don alƙali ya gani da idonsa. Dabbar da ta daɗe tana cin ƴaƴan iccen, ba tare da wata ciyawa ba, haƙoranta suna ruɓewa, muƙamuƙinta ya yi rauni, ta rame.

Abin ya taɓa lafiyar mutane ma. Ƙayar tana huda takalmi, ta bar miki mai wuyar warkewa. Sa'an nan sauro yana shan zaƙin furensa. A wani bincike da aka buga a 2017, an yanke rassa masu fure a wasu ƙauyukan Bandiyagara ta ƙasar Mali. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya ragu da fiye da rabi a waɗannan ƙauyuka.

Yaya tauraron ɗan Adam yake gani?

Tauraron ɗan Adam na'ura ce da mutane suka ƙera, suka harba sama. Tana zagaya duniya dare da rana, tana ɗaukar hoton ƙasa, tana aiko da shi. Iri biyu ne aka fi amfani da su wajen wannan aiki.

Na farko shi ne Landsat, na ƙasar Amurka. An harba na farinsa a 1972, kuma tun daga lokacin ana ajiye hotunan. Yana tafiya a nisan kilomita 705 daga ƙasa. Kowane tauraro yana komowa kan wuri guda bayan kwana 16.

Na biyu shi ne Sentinel-2, na Tarayyar Turai. An harba na farinsa a 2015. Shi yana ba da sabon hoton wuri kusan kowane kwana 5.

Hoton tauraro kamar tabarma yake mai ƙananan gidaje. A hoton Landsat, kowane gida fili ne mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. A na Sentinel-2 kuwa, mita 10 ne tsawo da faɗi. Mu tuna hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Ke nan Sentinel-2 yana raba gona mai hekta ɗaya gida 100, ya faɗi kalar kowane gida.

Na'urar tana ganin wani haske da idonmu ba ya gani. Ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske da ƙarfi. Busasshiyar ciyawa da rairayi ba su yin haka. Da wannan ne kwamfuta take auna yawan kore a kowane gida. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da daji ya bushe, furosofis yana nan kore shar. Sai ya fito fili a hoton, kamar baƙin tabo a farar riga.

Idon sama yana bukatar ƙafar ƙasa

To amma ba furosofis kaɗai ke kore a rani ba. Ga gawo, wanda kowa ya san shi da ganye a rani. Ga dogon yaro, ga mangwaro, ga garake. Daga sama duk kore ne. In aka bar kwamfuta ita kaɗai, za ta iya ɗaukar gawo, abokin manomi, ta sa shi cikin mugayen itatuwa.

Saboda haka dole mutane su shiga daji. Suna tafiya da ƙaramar na'ura mai nuna daidai inda mutum yake tsaye, ko da wayar hannu mai irin wannan aiki. In sun tsaya a wuri, su rubuta: nan akwai furosofis, ya rufe rabin fili. Su matsa gaba su rubuta: nan babu, gawo ne. Haka za su yi a wurare ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Da wannan rubutu ake koya ma kwamfuta bambancin. Ana kuma gwama hoton rani da na damina. Gawo yana zubar da ganye da damina, furosofis ba ya zubarwa. Nan ma sai a rarrabe su.

In kwamfuta ta gama, ba a yarda da ita nan take. Ana ajiye wasu wuraren da aka ziyarta, ba a nuna mata su ba. Sai a gwada: inda ta ce akwai, da gaske akwai? Da haka ake sanin ƙarfin taswirar.

Taswirar iri biyu ce. Ta farko tana nuna inda iccen yake yau. Ta biyu tana nuna inda zai iya zuwa gobe. Don a zana ta biyu, ana duba irin wurin da iccen yake so: tudu ne ko kwari, yawan ruwan sama, zafi, kusanci da gulbi, kusanci da hanyar dabbobi. Duk inda ya yi kama da haka, ko da iccen bai kai can ba, sai a sa masa alama. Wannan ita ce taswirar gargaɗi.

Abin da aka gano a Habasha da Kenya

A 2015 aka fara wani babban shirin bincike, irin wanda muke ce ma porje, a ƙasashe uku: Habasha, Kenya da Tanzaniya. Sunansa Woody Weeds, wato itatuwan da suka zama mugun haki. Wata ƙungiyar binciken noma ta duniya mai suna CABI ce ta jagorance shi, tare da jami'o'in waɗannan ƙasashe da na Turai. Kuɗin ya fito daga ƙasar Suwis, daga asusunta na binciken kimiyya da hukumarta ta taimakon raya ƙasashe.

A jihar Afar ta Habasha, ƙasar makiyaya ce mai zafi, sakamakon ya fito a 2019. An gano furosofis ya shiga fili kusan hekta miliyan 1 da dubu 170. Wannan kashi 12 ne cikin 100 na jihar duka. Da aka gwama tsofaffin hotuna da sababbi, daga 1986 zuwa 2017, sai aka ga yana ƙara kusan hekta 31,000 kowace shekara. In muka raba, hekta 85 ke nan kowace rana. Mafi yawan filin da ya ci, makiyaya ce da dajin da dabbobi suke kiwo.

A yankin Marigat na Baringo, hotunan sun nuna hekta 882 a 1988. A 2016 sun zama hekta 18,792. Cikin shekara 28 ya ninka fiye da sau 20.

Makiyayan Afar da na Baringo sun riga sun san iccen yana cin su. Abin da ba su da shi shi ne adadi da za su ajiye gaban hukuma. Kowa ya san garinsa, amma babu wanda ya ga jihar duka a lokaci guda. Taswira ta haɗa abin da kowa ya sani wuri ɗaya. Gani ya kori ji.

Ina kuɗin binciken yake tafiya?

Mutum zai zaci hoton tauraro ne mai tsada. A da haka ne. Kafin 2008, hoton Landsat guda ɗaya ana sayar da shi dalar Amurka 600, wato sama da jika 250 na kuɗinmu. Mai bincike da ke son hotunan shekara 30 ba zai iya saye ba. A 2008 Amurka ta buɗe ma'ajiyar hotunan, ta ce kowa ya ɗauka kyauta. Hotunan Sentinel-2 su ma kyauta ne. Mutanen Amurka da na Turai ne suka biya kuɗin ƙera taurarin da harba su, daga harajinsu.

To in hoto kyauta ne, me ake saye da kuɗin? Ga manyan abubuwa huɗu:

1. Aikin daji. Mota, mai, abinci da ladan masu tafiya da masu rakiya. Ƙasa mai faɗi tana cin watanni.

2. Koyar da masana. Karanta hoton tauraro sana'a ce da ake koyo shekaru. A shirin da muka ambata, ɗalibai ƴan Habasha da Kenya da Tanzaniya sun yi karatun digiri mai zurfi a cikin aikin.

3. Kayan aiki. Kwamfuta mai ƙarfi, wutar lantarki, da intanet don sauko da hotunan.

4. Mayar da sakamako ga jama'a. Buga taswira, taro da sarakuna da makiyaya da ma'aikatan gandun daji, da fassara zuwa harshen da mutane ke ji.

Na huɗun nan shi ne aka fi mantawa da shi. Taswirar da ta kwanta cikin akwatin ofis ba ta cire ko ƙaya ɗaya ba.

Me ya sa ba a sayi gatari da kuɗin ba?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma manomi yana da haƙƙin yin ta. Ga amsa.

Babu gwamnatin da ke da kuɗin tumɓuke hekta miliyan ɗaya. Sara kaɗai ba ya kashe furosofis. Sai an haƙo kututturen, an yanke saiwar ƙarƙashin ƙasa, sa'an nan a dinga dawowa ana cire sababbin tsirrai, domin irin yana daɗewa cikin ƙasa. Aiki ne mai cin ƙarfi da kuɗi. Tun da kuɗin ba ya isa ko'ina, dole a zaɓi inda za a sa shi.

Taswira tana raba ƙasa kashi uku. Kashi na farko, inda iccen bai kai ba amma zai iya kaiwa. Nan tsaro ake yi: kada a shuka, kada a bar irin ya shigo. Wannan shi ne mafi araha. Kashi na biyu, inda ya fara shiga, ɗaya nan ɗaya can. Nan ake gaggawar tumɓukewa, domin mutum goma za su iya gama abin da, in an bar shi shekara goma, mutum dubu ba su iyawa. Kashi na uku, inda ya riga ya zama kurmi. Nan sai a buɗe hanyar ruwa da burtali, a kuɓutar da fadama mai kyau, sauran kuma a ci amfaninsa: gawayi, itacen girki, da ƴaƴan da ake niƙawa a gauraya da dusa. Niƙa yana fasa ƙwayar irin, ba ta ƙara tsirowa.

In babu taswira, mutane sukan kai ƙarfinsu tsakiyar kurmi, inda ɓarnar ta fi fitowa fili. Suna can suna fama, iccen yana ci gaba ta gefe, inda babu mai kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai amfani na biyu. Bayan an biya kuɗin aiki, hoton shekara mai zuwa zai nuna ko an yi aikin, ko iccen ya dawo, ko ciyawa ta fito. Wanda ya karɓi kuɗin hekta 100 ya share 20, sama ta gan shi.

Raunin kuɗin waje

Mafi yawan irin wannan bincike a Afirka, da kuɗin waje ake yin shi. Porje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, shekara uku, ko biyar, ko shida. Icce kuwa ba shi da ranar ƙarewa. In aka zana taswira aka bar ta shekara goma ba a sabunta ba, ta zama labarin jiya. In masanin da aka koyar bai samu albashi da kayan aiki a gida ba, sai ya tafi inda zai samu.

Akwai ƙasar da ta ɗauki nauyin abin da kanta. A 1995 Afirka ta Kudu ta kafa wani shiri na cire baƙin itatuwa masu shanye ruwa. Daga baitulmalin ƙasa aka riƙa biya, aka ɗauki dubban marasa aiki, mata da maza. Darasin a fili yake: taimakon waje yana iya fara aiki, amma riƙe shi sai ƴan ƙasa.

Mu fa, ina muka tsaya?

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. An shuka furosofis a yankin tabkin Cadi a shekarun 1970 don tsai da rairayi. Da ruwan tabkin ya ja baya, iccen ya bi filin da ruwa ya bari. Wani rahoto da hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta buga a 2004 ya ƙiyasta ya rufe fiye da hekta 300,000 a wajen Gigimi.

Ba shi kaɗai ba ne. Garmani ya cika makiyaya da burtali da yawa a jihohin Maraɗi, Doso da Damagaram, dabbobi kuwa ba su damu da cin sa ba. Kacalla tana rufe tabkuna, ta hana su da noman rani. Kacalla tana da sauƙin gani daga sama, domin tana tsaye kore cikin ruwa. Garmani ya fi wuya, domin yana fitowa da damina tare da ciyawa mai kyau. Shi yana bukatar aikin ƙafa mai yawa.

In makiyaya ta mutu, dabba ba ta daina jin yunwa. Makiyayi zai matsa kusa da gona. Daga nan rigima take tashi tsakanin mutanen da suka daɗe suna zaune lafiya. Ke nan zancen mugun tsiro zancen zaman lafiya ne.

Ba mu rasa masu sanin aikin ba. Cibiyar Agirimet tana Yamai tun 1974, tana amfani da hotunan tauraro wajen bin ruwan sama da amfanin gona da ciyawar kiwo a ƙasashen Sahel. Akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Akwai malamai da ɗalibai a jami'o'in Yamai da Maraɗi da sauransu. Hoto kuwa kyauta ne. Abin da ya rage shi ne kuɗin shiga daji, da kuɗin komowa kowace shekara, da kuɗin kawo taswirar gaban jama'a.

Abin da kowa zai iya yi

1. Kada mu shuka baƙon icce a shinge ko bakin tabki sai mun tambayi ma'aikacin gandun daji.

2. In mun ga sabon tsiro yana yaɗuwa a makiyaya ko burtali, mu tumɓuke shi tun bai yi ƴaƴa ba, mu sanar da mai gari da ma'aikatan komin.

3. In dabbobi sun fito daga wurin da furosofis ya yi yawa, mu tsare su wuri ɗaya ƴan kwanaki kafin su shiga sabuwar makiyaya, don irin ya fita inda za mu iya cire shi.

4. Kada ƴaƴan furosofis su zama abincin dabba su kaɗai. A niƙa, a gauraya da wani abinci.

5. Mu da muka koyi karatu da rubutu, mu buɗe littafi a gari. Mu rubuta sunan tsiron, da wurin da muka gan shi, da shekarar. Dattawa su faɗa mana ciyawar da ke wurin a da. Wannan rubutu shi ne abin da mai bincike yake kashe kuɗi yana nema.

6. In masu bincike sun zo, mu raka su, mu nuna musu gaskiya. Kafin su tafi mu tambaye su: yaushe za ku dawo mana da taswirar?

7. Lokacin da hukumar komin take tsara kuɗin shekara, mu tuna mata da makiyaya da burtali da tabki.

Tauraro yana ganin kore daga nisan kilomita 700. Amma sunan tsiron, da shekarar da ya iso, da ciyawar da ya kora, mutanen gari ne suka san su. In aka haɗa sanin sama da sanin ƙasa, kuɗi kaɗan yana yin aiki mai yawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana gonakinmu da dabbobinmu.